Gaba Bakwai

A rumfar ƙarafa ta Quellón, dab da gaɓa,
tsoho Baldomero ya jera mini anga uku a kan dakali:
mai bakin garma, mai ƙugiya biyu,
da wata shimfiɗaɗɗiya, wai ita laka take so.
Na kai hannu kan mafi nauyi.
Ya ce, "Eduvina, wa zai ɗago miki ita da asuba?
Nicanor?" Sai ya tuna, ya haɗiye sauran.
Na ɗauki mai bakin garma,
daidai abin da bayana zai iya.

Yau magariba ta iske ni a wani lungun tsibiri,
arewa ta haɗe rai.
Babu mai riƙe mini akalar jirgi in na tafi goshi,
babu mai ce mini saki, ko dakata.
Na zura dalma da sabulu a gindinta,
ta dawo da baƙin yashi. Gaba bakwai.
Na ƙara uku don cikar dare,
gama ruwan nan ba ya kwana inda ya yini.

Sakin farko ciyawar teku ta cinye.
Na ji ta a tafin hannuna,
sarƙa tana ƙunƙuni kamar haƙoran mai zazzaɓi.
Na janyo, gaba bayan gaba,
ganye mai santsi ya naɗe garmar har wuya.
Na yanke shi da wuƙa, na zagi wanda ba ya nan.

Na biyu ban jefa ba, na ajiye.
Na bar iska ta ja ni baya,
ina ba da sarƙa kaɗan-kaɗan
kamar mai biyan bashin da ba ta so,
har ta miƙe, ta yi tsit,
goshin jirgi ya juyo ya dubi iska ido cikin ido.

Na daidaita hasumiyar cocin katako da wani busasshen itace,
na ce musu, kada ku rabu.

Ƙarfe biyu na dare na fito da tocila.
Ba coci, ba itace, sai ruwan sama.
Na durƙusa na ɗora hannu kan sarƙa
yadda na riƙa ɗora shi kan ƙirjin Nicanor a watansa na ƙarshe.

Shiru, da sanyi.
A nan, shiru ne alheri.

Na koma na ɗora shayi.
Kofi ɗaya na fitar. Na fara iyawa.