Zurfin Aljihu

Shekara ashirin da uku ina kan keken nan,
lungu na biyu bayan 'yan katifa, a Sabon Gari.
Ni ke ɗinka baƙar rigar Fada Irimiya,
mai faɗin hannu, mai sharar ƙasa,
wadda turare ya kama har wanki ba ya fitar da shi.

Da can aljihunta ɗaya ne, ɗan mitsitsi,
na hankici da makullin coci.
In ta yage a gwiwa na san dalili:
durƙuso ne.
In yi maho, ya ba ni kuɗin zare, ya sa mini albarka,
ya tafi a ƙafa, gemunsa na gaba yana biye.

Bara waccan, ana saura wata huɗu zaɓe,
ya aiko direba. Direba fa!
Da yadi goma sha biyu ɗan waje, da saƙon baka:
wai a ƙara wa aljihun zurfi,
a yi shi biyu, ɗaya ta ciki inda ido ba ya kaiwa,
a bakin wuya kuma a ratsa kore da fari.
Tela ba ya tambaya. Na auna, na yanka.

Ran Lahadi na ga aikina a gaban bagade.
Tuta a dama, gicciye a hagu,
tutar ta ɗara shi da kamu guda, idon tela ba ya ƙarya.
Kwamishina na bencin gaba,
inda Mama Saratu ke zama tun rufin yana na zana,
ita an mai da ita bakin ƙofa, inda rana ke duka.

Fada ya ce ƙasa uwa ce,
mai zagin gwamnati ya ɗaga wa uwarsa hannu.
Ya ce mulki daga sama yake saukowa,
ya buɗa littafi ya nuna mana wurin.
Bai kai inda aka kifar da teburan 'yan canji ba,
wataƙila shafin ya manne.
Aka ce amin. Ni ma na ce.
Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski,
ni kuwa kuɗin ɗinki na jikina, da ɗuminsu.

Bayan rantsuwa takardar fili ta fito.
Katafila ta zo da asuba ta bayan coci,
rumfa goma sha bakwai,
ta Mama Saratu ce ta shida, manja da daddawa.
Manjan ya bi kwata har bakin titi,
kwana uku ƙasar tana ja.
Ta je gare shi. Ya ce haƙuri, ci gaban ƙasa ne.
Yanzu katanga ce a wurin, da waya mai ƙaya a kanta.

Na ba Malam Sabi'u labari a teburin mai shayi,
shi da ke wa limamai alkyabba a Fagge.
Ya yi dariya har ya ƙware.
Ya ce, Tanimu, awon naka nawa ne?
Na faɗa. Ya ce nawa ya fi da taƙi ɗaya.
Muka yi shiru, shayin ya huce.

Jiya rigar ta dawo gyara.
Gwiwa lafiya lau, ko gogewa ba ta yi ba.
Aljihun ciki ne ya ɓarke.
Na zura hannu: robobin ɗaurin kuɗi guda tara,
da takarda a ninke, an rubuta da fensir,
da ɗigon manja a gefenta.
Ba a taɓa buɗe ta ba.

Na sa zare a allura, sau uku yana kuɓucewa,
ko tsufa ne.
Na ɗinke gefe da gefe yadda aka saba,
amma a gindin na bar 'yar kafa,
ba ta da yawa,
daidai yadda abin da ya ɗauka
zai riƙa zuba a hanyar da yake bi.