Ƙotar Libarba

A Tulsa, bayan layin dogo,
akwai wani dogon ɗaki mai warin albarushi da kofi.
Nan tsoho Orval Teague ke koyar da harbi ran Asabar.
Kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa,
sai ka tsaya damansa in kana son amsa.

Na kai masa 'yar libarbata cikin akwatinta.
Harsashi biyar take ci,
ba ta fi kwalbar man shafawa nauyi ba.
Don ƙanƙantar na saye ta:
ni ke rufe kantin magani sha ɗayan dare,
fitilar wajen ajiye motoci kuwa
tun azumin bara ake cewa za a gyara.

Harbin farko.
Ashe ɗan jaki ya fi uwarsa shuri.
Ta ɗaga hanci sama kamar an taka mata wutsiya,
ƙarfen bayanta ya sare ni
tsakanin babban yatsa da manuni,
ɗan autan yatsuna yana lilo a iska,
bai sami wurin kamawa ba.
Takardar da na auna tana can fes, ko ƙwarzane.

Orval bai yi dariya ba.
Ya ce, "Hindatu, nauyin da aka rage mata
hannunki ne zai biya."

Ya juye wani gwangwanin biskit kan tebur,
ƙotoci suka watse.
Sai na tuna kakana a Malumfashi,
wanda ba ya sassaƙa ƙotar fartanya
sai ya buɗe tafin mai noman ya duba.

Ta katako ta fara jan idona,
ja, sumul, tana kwanciya ƙarƙashin rigar aiki
kamar babu ita.
Da gumi ya zo, ta zama tarwaɗa.
Ta roba, mai kauri, ta haɗiye shurin ƙurmus,
yatsuna duka suka sami masauki,
amma ta turo rigata kamar ƙari,
ta maƙale wa yadi kamar ƙarangiya.
Ina amfanin abin ɓoyo mai shelar kansa?

Muka ɗaure, muka kwance,
ƙusa guda ta faɗi, muka nema da gwiwa.
Wadda na ɗauka daga ƙarshe ba ta da kyau:
baƙa, da 'yan ƙuraje,
ta rufe ƙarfen baya,
ta ba ɗan auta rabin wurin zama.
Rabin ma ya gode.

"Kama sama. Ƙara.
Hagu ta naɗe dama, ta matse.
Janye yatsa daga bakin tukunyar, wuta ke fita nan.
Ƙirji gaba, kamar mai jan guga.
Kar ki fizgi kunama, lallaɓa ta
har ta ba ki mamaki."

Sai ya yi mini dabara.
Ya juya baya, ya cusa harsashi huɗu da na bogi ɗaya.
Na uku ya ce ƙyas, babu ƙara, babu hayaƙi,
amma hannuna ya duƙa ƙasa shi kaɗai
yana tarar dukan da bai zo ba.
Orval ya ce, "Wannan ba ita ce ta motsa ba."
Na ji kunya
irin ta wanda aka kama yana magana cikin barci.

Asabar tara ke nan.
Ramukan takarda sun fara zama kusa da juna
kamar 'yan gida ɗaya.
In na zo alwala, ruwa yakan tsaya
kan 'yar kantar da ta fito mini a gindin yatsa.

Shekaranjiya aka gyara fitilar.
Na tsaya ƙarƙashinta da makulli a hannu,
ƙotar na tokare min haƙarƙari cikin kubenta,
na ce, Allah, kantar nan
ta zama ita kaɗai ce shaidar
da abin nan zai bari a jikin ɗan Adam.