Sayen Shiru a Busan

Shekara talatin da ɗaya na yi a tumbin jirgin ruwa,
can ƙasa, inda inji ke tari dare da rana,
har kunnena na hagu ya riga ni yin ritaya.
Yanzu 'yata ta aiko tikiti daga Toronto:
"Baba, awa goma sha uku za ka yi a sama,
ka sayi abin kunnen nan mai kashe ƙara."

Ga ni a kanti, hawa na huɗu, a Seomyeon,
lemata na ɗiga a kan tayil ɗin mutane.
Yarinyar kanti, Bo-gyeong, sunan na ƙirjinta,
ta jera guda uku a kan gilashi
yadda matan Jagalchi ke jera kifin asuba.

"Wannan batirinsa ya fi jimiri.
Wannan ba nauyi, ba ya cizon mai tabarau.
Wannan kuwa," ta yi ƙasa da murya,
"daga shi an rufe ƙofa."

Na ce, ashe shiru ma akwai na masu kuɗi.

Ta kunna ƙugin jirgin sama don gwaji.
Na san muryar nan tun ba a haife ta ba,
ƙanen injina ne, sai dai shi ya yi fiffike.
Ta ɗora mini na tsadar. Ta danna.

Duniya ta ja da baya, ta tsaya daga nesa.
Bakin yarinyar na motsi
kamar kifi a bayan gilashi.
Ba fanka. Ba takun takalmi. Ba ruwa.
Sai jinina yana kai da kawo
kamar mai gadin gidan da aka tashi.

'Yata ba ta sani ba:
mai inji, ƙara ba ta tashinsa daga barci.
Shiru ke tashinsa.
Wani dare a tsakiyar teku injin ya ɗauke,
mu goma sha tara muka miƙe lokaci guda
babu wanda ya kira wani.

Kuma wannan shirun ina da shi a gida, kyauta.
Tun kakar bara yake zaune a kicin,
a kujerar Ok-bun,
bayan tukunyar shinkafa ta gama huci
babu mai cewa in wanke hannu tukuna.

Na cire shi da hannu biyu.
Kunnena ya yi gumi.

"Ba ni wancan."
"Kaka, wancan yana yoyo.
Ƙugin zai riƙa shigowa kaɗan-kaɗan."
Na ce, kamar nawa?
Ta haɗa yatsu biyu, ta bar 'yar kafa.

Na gwada. Ƙugin na nan, can ƙasa,
siriri kamar zare,
daidai yadda ake jin sa daga gadon ma'aikata
in komai yana tafiya lafiya.
Da wannan zan yi barci har Kanada.

Ta nuna mini maɓalli a gefen dama,
in an taɓa, muryar mutane ta shigo:
mai tambaya ko kaza ko naman sa,
jaririn kujerar baya.
Na ce a bar jaririn ya yi kukansa.
Jikana wata huɗu gare shi,
ina bukatar bita.

Na biya. Ta ba ni rasit da 'yar jaka,
ta ce kar in manta da caji daren tafiya,
ta sake faɗa, ta gefen kunnen da ke aiki.

A jirgin ƙasa na sa shi, ina kallon taga,
ina jin daɗin cinikina,
ƙarfe na gugar ƙarfe, wata na faɗa da waya.
Sai a tasha ta shida na lura
ban ma kunna shi ba.