Ƙwai a Ruwan Zafi

Ni tela ne a Harbo,
shekara arba'in da uku, gwiwa ta fara ƙara,
amma har yau in na ji ƙas-ƙas bisa tebur
sai allura ta tsaya,
tafina ya hau ƙaiƙayi sosai.

Teburinmu tsohon ƙyaure ne
bisa durom biyu a bayan shago,
ragarmu falankin gado.
Mun san inda ƙusa ta leƙo,
mun san inda fenti ya kumbura,
can muke aika wa baƙo ƙwai.

Ran Asabar aka sa gasa a Aujara.
Na farko buhun taki, na biyu fitila mai caji.
Tabawa ta ce, "Allah ya ba da sa'a,
amma ganyen masararmu ya yi rawaya,
ka dai gani da idonka sarai."

Mu goma sha shida, a ajin firamare.
Sama na zuba bisa kwano
har ba a jin kiran maki.
Na cire wani ma'aikacin asibiti,
na cire ɗan acaɓa mai bugu kamar saran itace,
na cire Rayyanu da ya goyo ni a babur,
bai ƙara ce min uffan ba, sai kaɗa kai.

Saura Tasi'u, ɗan mai faci.
Bahago, ƙafa ba takalmi.
Rigar jikinsa ni na ɗinka wa yayansa
da sallar bara waccan.
Guntun tub ya manna a katako da sholisho.
Yakan yanki ƙwan ta ƙasa
ya taho min kamar mai sallama,
in kai hannu, ya kauce,
ya bar ni da iska a faifai.

Na ci ɗaya, ya ci ɗaya.
A na uku Malam Hudu ya ɗaga alli: "Goma-goma!"
Ƙwan ya gangara cikin 'yan kallo,
wani ya ja baya, muka ji ƙwas a ƙarƙashin silifa.
Aka ɗago shi da kumatu a loɓe.
Shida aka sayo daga Dutse,
biyar sun fashe tun azahar,
wannan ne auta, gasar duka a kansa ta ɗora rai.

Sai rumfar Ilu mai shayi.
Ya tsoma shi a kofin ruwan zafi,
muka zagaye shi kamar masu jinya.
Ni da yaron benci ɗaya,
gumina na ɗiga, nasa ya bushe.
Ya ce, "Baba, ka daina tsayuwa a dugadugi,
hagunka a buɗe take tun ɗazu."
Na dube shi. Ba ba'a a fuskarsa.
Loɓar ta tashi a hankali
kamar cikin jariri mai barci,
ƙwai ya koma daidai.

Na gyara tsayuwa yadda ya ce.
Sha ɗaya-sha ɗaya. Sha biyu-sha biyu.
Na mayar da wani bugu da ban taɓa mayarwa ba,
ihun aji ya danne ruwan sama.
Sai ya ci ɗaya ta hagun da ya nuna min.
Na ƙarshe ya shafi bakin tebur
ya sulale ƙasa,
na bi shi da ido kawai.

Buhun ya fi Tasi'u nauyi.
Ni da Rayyanu muka kama masa har titi,
uban ya taso yana dariya,
ya miƙo min hannu duk baƙin mai.

Bayan isha na iso gida, fitila a hammata.
Tabawa ta karɓa ta kunna,
ta haska masara, ta haska ni.
Ban ce komai ba, ba ta ce komai.

Da ta yi barci na ɗauke fitilar,
na rataye ta a ƙusar bayan shago.
Na tsaya bisa yatsun ƙafa
ina rufe haguna,
ni da inuwata kaɗai.