Kwalin Takalmi

Daren Talata, a ɗakin ƙasa na laburaren Toledo,
inda bututun ɗumama ɗaki ke tari kamar tsoho,
Lorenzo Pettway ya dire mini kwalin takalmi a tebur.
Babu takalmi ciki.
Rasit ne na shekara uku, wasu sun sha kofi,
wasu siminti ya bushe a kansu ya yi ɓawo.
Ya ce, "Madam Odessa, ga ni nan dukana. Duba."

Shekara goma sha tara yana zuba kankare a garin nan.
Rabin unguwa na taka aikin hannunsa kullum safiya,
amma allon bakin aiki sunan wani yake ɗauka.
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yanzu hukumar gari ta fitar da kwangila:
matakala shida da gangaren keken guragu a wata firamare.
Aikin bai fi ƙarfin hannunsa ba.
Sai dai ƙa'ida ta ce, kawo mai tsaya maka,
kamfanin lamuni da zai rantse a takarda
cewa in ka gaza, shi zai biya.
Kamfanin kuwa ya ce, nuna mana inda aka taɓa tsaya maka.
Ba a ba ka tsani sai an gan ka a kan rufi.

Na ce masa, mutanen nan ba za su zo su shafa kankarenka ba.
Ba ruwansu da yadda kake karanta hadari
kafin ka kira motar siminti.
Takarda kawai suke ji.
To zauna, mu koya wa kwalin nan magana.

Mako bakwai muna tsince, kamar masu tsintar tsakuwa a shinkafa.
Kuɗin cefane gefe, kuɗin rodi gefe,
aljihu ɗaya ya zama asusu biyu.
Can ƙasa muka tono bashin dala dubu huɗu
da wani babban ɗan kwangila ya riƙe masa tun bara waccan.
Ya ce yana jin nauyin tambaya.
Na ce, jin nauyi ba ya biyan lebura ranar Juma'a.
Ya kira, muryarsa na rawa. Aka biya rabi.
Ya sayar da kwalekwalen kamun kifinsa
don asusu ya yi ɗan kitse a idon masu dubawa.
Ranar bai yi mini sallama ba.

Shafin ƙarshe ya fi duka nauyi:
sai matarsa ta sa hannu, gidansu ne a bayan alkawarin.
Vernell ta zo da kayan aikin asibiti a jikinta,
ta karanta har ƙananan rubutu, ta cire tabarau.
"Wato in ya tsere ya bar aiki, gidana za a taɓa?"
Na ce, haka ne, ba zan shafa miki zuma ba.
Ta dube shi tsawon lokaci.
"Wannan? Ko huɗubar da ta gundure shi
ba ya iya tashi sai an ce amin."
Ta ja biro.

Lamunin da ya zo ɗan ƙarami ne,
iyakar matakala shida, ba gada ba, ba bene ba.
Ya riƙe takardar da yatsu biyu kamar za ta ƙone shi.

Da ƙanƙara ta narke na bi ta makarantar.
Wata yarinya ta gangaro a kekenta, ba mai tura ta,
tana ihu don daɗi.
A kusurwar kankaren, inda ba mai lura,
an danna haruffa biyu tun yana ɗanye.

Talatar da ta biyo, ga shi a ƙofa,
bayansa wata mai aikin rufi, Yesenia Barragán,
ta rungume ledar kanti cike da rasit.
Ya ce mata, "Kar ki ji kunya. Nawa har da miya a jiki."
Na jawo kujera.
Bututu ya yi tari.