Mai Ɗinkin Bargon Kumbo

Shekara talatin ina ɗinka bargon kumbo
a Titusville, zare ya ci yatsuna.
Ƙofar injiniyoyi na can ƙarshen baranda,
ban taɓa jin sanyin mariƙinta ba.

Jiya rediyo ta ce an zartar da doka:
a kira 'yan mata, a nuna musu sama.
Na ja tsaki. Takarda ai ba tsani ba ce.

Sai ga Odalys, jikata,
alli har gira, tana kokawa da lissafi.
"Kaka, zafi nawa ɗinkinki ke jurewa?"

Ba wanda ya taɓa tambayata.
Na ture gahawa, na jawo kujera,
na ce, "Kawo fensirinki."