Lita Ashirin

Ruwa na zuba a Gent tun asuba.
Na shiga kantin Wannes da jiƙaƙƙiyar lema,
ƙamshin tsiron sha'ir ya tare ni a ƙofa
kamar an bar gidan burodi a buɗe.

Na ce, "Kyauta nake nema.
Babana Odiel zai cika saba'in ran Laraba.
Shekara talatin da huɗu yana tuƙa taragon lantarki,
yanzu tagar kicin kawai yake gadi
daga safe har fitilun titi su kama."

Wannes ya goge hannu a gaban riga.
"Ya taɓa dafa giya?"
"Ko ƙwai, sai Mama ta tsaya a kansa."
"Ina Maman?"
Na dubi kwalaben da ke kan kanta.
Ya gane. Ya bar maganar a nan.

Na farko injin ƙarfe ne mai walƙiya,
yuro ɗari huɗu, maɓalli uku:
ka zuba, ka danna, ka tafi abinka.
Na girgiza kai.
Wanda ba shi da wurin zuwa,
me zai yi da injin da ke ce masa tafi?

Na biyu ɗan tulun gilashi, lita biyar,
har da jan zare a wuya, ya yi kama da kyauta.
Na ɗaga, ba nauyi.
Kwalba goma sha biyar. Na hango shi
yana shanye su ɗaya bayan ɗaya,
a kujerar nan, gaban tagar nan,
ba mai sanin ta yi daɗi ko ta yi tsami.

Na uku yana can ƙasa, kwalinsa ya koɗe:
farin bokitin roba, mummuna, lita ashirin,
tiyo, ma'aunin zafi, doguwar muciya,
buhun tsiro, ƙullin yis,
busasshen furen nan mai ɗaci a leda,
da ɗan lanƙwasasshen bututu
da ake ɗiga wa ruwa a kafa a murfi.

"Wannan wahala ce," in ji Wannes.
"Wanki ya fi dahuwa yawa.
Sati biyu a bokiti, uku a kwalba,
kuma ta farko ba ta cika yin kyau ba.
Sannan babu tukunya a ciki."

Tukunya akwai.
Babbar nan ta Mama Godelieve,
wadda take dafa 'ya'yan itace da sukari a ciki
har bangon kicin ya yi gumi.
Shekara biyu tana kife a saman kabad,
ba mai taɓawa, ba mai ambata.

Na sake lissafi a tsaye: kwalba sittin.
Ciki ɗaya ba ya ɗauke sittin.
Dole ya ƙwanƙwasa ƙofar Remi
da suka ɓata kan reshen da ya tsallaka shinge.
Dole ya tono lambobin tsofaffin direbobi
daga littafin da ke ƙarƙashin waya.

Na biya. Kwalin ya ƙi shiga kwandon keke,
na tura shi da ƙafa har gida, lema a hammata.

Ran Laraba ya yage takarda, ya leƙa,
ya ce, "Bokiti kika saya min?"
Ya ajiye bayan ƙofa, kusa da tsintsiya.
Na hadiye abin da ya taso min. Muka yanka kek.

Kwana tara shiru.
Sai waya, ƙarfe goma sha ɗaya na dare.
Gabana ya faɗi.
"Marijke, kar ki yi magana. Saurara."

Bul.
Can kuma, bul.

"Kin ji? Numfashi take yi.
Tun la'asar nake zaune a ɗakin ƙasa.
Tukunyar uwarki ta ɗan kama a gindi, na kankare.
Af, kina da kwalaben da ba kya so?
Na tambayi Remi ɗazu,
nasa goma sha biyu ne kawai."